James Joule, Wanda Ya Auna Zafin Lantarki

A zangon da ya wuce malaminmu na kimiyya ya kai mu ɗakin gwaje-gwaje, ya ba kowane rukuni gwangwanin tagulla da ruwa a ciki, da naɗaɗɗiyar waya, da batir, da ma'aunin zafi. Muka tsoma wayar a ruwa, muka sakar mata wuta minti biyar. Sa'an nan aka ce mu ninka ƙarfin wutar biyu. Ni da gaggawa na rubuta cewa zafin ma biyu zai ninku, tun ban duba ma'auni ba. Ashe kusan huɗu ya yi. Malam ya soke amsata da jan biro, ya tura ni laburare in nemo wanda ya fara gano haka.

Sunansa James Joule. An haife shi a Salford, kusa da Manchista a Ingila, ran 24 ga Disamba 1818. Ubansa attajiri ne mai masana'antar giya. Yaron ya tashi da laulayi, saboda haka a gida aka koyar da shi, daga baya ya ɗauki karatu wurin shahararren masanin nan John Dalton. Jami'a kuwa bai taɓa shiga ba.

Da fari so yake ya ƙera injin lantarki da zai ture injin tururi, sai ya tarar batir ya fi kwal cin kuɗi nesa ba kusa ba. Cikin wannan fama hankalinsa ya koma kan zafin da wayoyi ke ɗauka. A 1840, yana ɗan shekara 21, ya yi irin gwajinmu, ya nuna in an ninka wuta biyu zafi ya ninku huɗu, in uku kuwa tara. Babbar ƙungiyar masana ta Landan ɗan taƙaitawa kawai ta buga daga takardarsa.

Bai karaya ba. A 1843 ya tsaya gaban taron masana a Cork, a Ailan, ya ce aiki ne ke juyewa ya zama zafi. Aka yi tsit, ba wanda ya kula. Su a lokacin sun ɗauka zafi wani abu ne mai kwarara kamar ruwa, shi kuwa hujjarsa ɗan motsin ma'auni ne da bai kai digiri ɗaya ba. Gaskiya da ina wurin, da irin gaggawata, ni ma da na raina shi. Sai a 1847, a Oxford, wani saurayi William Thomson ya miƙe ya yi masa tambayoyi. Daga baya suka yi aiki tare shekara da shekaru.

Matarsa ta rasu a 1854, dukiya kuma ta yi ta raguwa, har a 1878 gwamnati ta yanka masa fansho fam 200 a shekara. Ya mutu ran 11 ga Oktoba 1889. A kan dutsen kabarinsa an sassaƙa 772.55, watau adadin da ya samu na aikin da ke ƙara wa laba ɗaya ta ruwa zafin digiri ɗaya.