Jacques Jaujard: Mai Riƙon Amanar Taskar Louvre

An haifi Jacques Jaujard a shekarar 1895 a garin Asnières, kusa da birnin Paris. Ya yi aikin jarida kafin ya shiga hukumar gidajen tarihi ta ƙasar Faransa a shekarun 1920. Shi ba mai zane ba ne; ma'aikacin gwamnati ne da ya san tsari da lissafi, kuma wannan sanin ne ya ceci dukiyar da ba ta da farashi.

Darasinsa na farko a Sipaniya ya koye shi. A farkon 1939, yayin da yaƙin basasar ƙasar ke gab da ƙarewa, zane-zanen gidan tarihi na Prado suna ajiye kusa da iyakar Faransa, jiragen sama na ruwan bama-bamai a yankin. Manyan gidajen tarihi na Turai da Amurka suka kafa kwamiti, Jaujard kuwa yana cikin waɗanda suka ƙulla yarjejeniyar Figueras a watan Fabrairu. Aka kwashe kayan cikin manyan motoci zuwa Faransa, daga nan jirgin ƙasa ya kai su Janeba, inda dubban mutane suka kalle su, sa'an nan aka mayar da su Madrid. Nan ya ga cewa idan masifa ta afka wa gado irin wannan, kula da shi nauyi ne na kowa.

Da ya dawo gida bai jira wuta ta iso gemunsa ba. Ranar 25 ga Agusta 1939 aka rufe Louvre, ma'aikata suka duƙufa ɗaure kaya dare da rana. Kwana uku bayan haka hoton Mona Lisa ya kama hanyar fadar Chambord. Daga nan aka rarraba taskar a tsofaffin fadoji na karkara, nesa da birane da hanyoyin jirgin ƙasa, kowane akwati da lambarsa a rubuce.

Bayan Jamus ta mamaye Faransa a 1940, aikin ya ƙara wuya. Jaujard, wanda a lokacin shi ne shugaban hukumar, ya yi ta jan ƙafa da takardu da hujjojin doka duk sa'ad da manyan ƴan Nazi ko gwamnatin Vichy suka nemi wani abu. Ya sami fahimta daga jami'in Jamus mai kula da kayan fasaha, Franz Wolff-Metternich, har aka tsige shi a 1942. Sai dai kariyar ba ta kai ga kowa ba: an wawashe dukiyar iyalan Yahudawa, aka tara ta a gidan Jeu de Paume. A can ma'aikaciyarsa Rose Valland ta riƙa rubuta a asirce inda aka nufa da kowane kaya, kuma bayananta sun taimaka aka gano da yawa bayan yaƙi.

A watan Yuni 1945 Mona Lisa ta koma Louvre lafiya. Jaujard ya ci gaba da aiki, har ya zama babban sakataren ma'aikatar al'adu a ƙarƙashin André Malraux. Ya rasu a Paris a 1967, kuma ƙofar makarantar Louvre tana ɗauke da sunansa.

Shekara shida ya hana jama'a ganin taskarsu domin jikokinsu su same ta. Abin da ya sa hakan ya yiwu shiri ne tun kafin tashin hankali: rajista cikakka, maɓoya da aka zaɓa da wuri, da abokan aiki a ƙetaren iyaka.