Power Mike: Yaron Garejin Kano Da Ya Zama Zakaran Kokawar Afirka

Duk wanda ya taɓa zama teburin mai shayi a Funtuwa bayan sallar isha'i, musamman da kaka, lokacin da kuɗin masara da auduga suka shigo hannu, ya san hirar dattawa ba ta wuce abu uku: tsadar taki, siyasa, sai tuna baya. Idan kuwa hira ta gangaro kan tuna baya, da wuya a tashi ba a taɓo reslin ba. Mu 'yan yanzu su John Cena da Roman Reigns muka sani, a waya muke kallonsu. Su nasu gwanayen daban ne: Mighty Igor, Mil Mascaras, Bulldog Brower. Kawuna, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Malumfashi da Kano, in ya fara labarin Mighty Igor har miƙewa yake yi yana kwatanta tafiyarsa, shayinsa na hucewa bai damu ba.

Amma akwai suna guda da in aka ambace shi musu yake ƙarewa, kowa ya gyaɗa kai. Sunan shi ne Power Mike. Na daɗe ina zaton shi ma wani Ba'amurke ne. Ashe ɗan Najeriya ne, kuma abin da ya fi ba ni mamaki, a nan Kano ya fara yin suna, yana yaron gareji mai hannu duk baƙin mai.

Daga Neni zuwa Onitsha

Sunansa na yanka Michael Okpala. An haife shi ranar 8 ga Agusta, 1939, a garin Neni da ke ƙaramar hukumar Anaocha ta jihar Anambra a yanzu. Ya yi firamare a Adazi-Enu, wani gari maƙwabcin nasu, kuma iyakar karatun bokonsa ke nan. A 1952 ya bar gida ya tafi Onitsha koyon kasuwanci, kamar yadda yaran Ibo da yawa suke yi har gobe: a kai yaro wurin ubangida, ya yi shekaru yana hidima yana koyon ciniki, kafin ya tsaya da ƙafarsa.

A Onitsha ne ya shiga kulob ɗin damben boksin na Dick Tiger, yana wasa a rukunin matsakaita nauyi. Wannan Dick Tiger ɗin, wato Richard Ihetu, a lokacin bai zama abin da duniya ta san shi da shi ba. Sai a 1962 ya doke Gene Fullmer na Amurka ya zama zakaran duniya, a 1963 kuma ya kare kambunsa a filin wasa na Liberty da ke Ibadan. Yaron Neni dai ya ga mutumin tun kafin ya shahara, ya kuma ɗauke shi abin koyi. Abin da ya gani a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan talaka: ashe mutum zai iya cin abinci da jikinsa, in ya horar da shi.

Kano: taya, gareji da ƙusa

Daga Onitsha sai ya yo Arewa, ya sauka Kano, ya kama cinikin tayoyin mota, ya kuma shiga koyon kanikanci. Kano ta wancan zamani Kano ce ta dalar gyaɗa. Manyan motoci na shigowa da kaya daga ko'ina, hanyoyi kuma ba su da kyau, saboda haka mai taya ba ya rasa ciniki. Waɗanda suka taɓa tsayawa wurin mai faci a bakin tasha suka ga yadda ake ɓalle tayar babbar mota daga kan gargare da ƙarfe da guduma, ba sai an gaya musu irin damtsen da aikin yake buƙata ba.

A nan ne ya lura da wani abu. Ƙarfin da abokan aikinsa suke mamaki, mutanen gari ma za su so su gani, har su biya. Sai ya laƙaba wa kansa suna Power Mike, ya fara wasan nuna ƙarfi. Ya ɗauki ƙusa mai inci shida ya lanƙwasa da hannu. Ya fasa kwakwa da hannu. Ya ɗaga ƙarti huɗu lokaci guda. A ɗaura igiya, shi kaɗai a gefe ɗaya, tarin maza a ɗaya gefen, a yi ta ja.

Kada mu manta a wace ƙasa ya yi wannan. Ƙasar Hausa ba baƙuwar ƙarfi ba ce. Da an gama girbi, kalangu ya ɗauka, 'yan dambe da 'yan kokawa sun fito, haka abin yake daga Kano har nan yankinmu na Bakori da Danja da Ƙafur. Mutanen da suka saba ganin an yi kisa a fagen dambe, ba ka burge su da surutu. Baƙon da ya tara 'yan kallo a irin wannan wuri, lalle da abin da ya taka.

Daga 1961 ya fara zagaya ƙasa da wasansa: Onitsha, Inugu, Aba, Fatakwal, Legas, Jos da Kaduna. A 1964 ya ƙetara Gana, daga nan ya bi ta Kwaddibuwa da Senegal. A 1967 ya isa Turai, inda ya sami kwantiragin wasa a Suwidin, sannan ya wuce Girka.

Yadda ya shiga reslin

A Girka ne hanyarsa ta sauya. Wani mai shirya wasannin reslin ya ga abin da yake yi, ya ja shi cikin harkar. Sai dai lanƙwasa ƙusa daban, kokawa a kan dandali daban. Mai ƙarfin da bai iya faɗuwa ba, bai san yadda zai ɗaga mutum ya sauke shi ba tare da ya karya masa wuya ba, ba a sa shi a wasa. Don haka ya sake zama ɗalibi, yana dab da shekara talatin, ya je Ingila ya ƙara samun horo. Wannan shi ne koyo na huɗu a rayuwarsa, bayan ciniki da boksin da kanikanci.

Na san wani zai ce ai reslin shiri ne. Gaskiya ne, a irin wannan kokawar masu shirya wasa ne suke tsara yadda za a ƙare, kuma kambunta ba irin lambar Olamfik ba ce. Wannan magana ce da ko kusa kawuna ba ya son ji. Amma shirin bai hana ƙashi karyewa ba. Mutum mai nauyin buhun masara in ya faɗo maka, ya faɗo maka ne da gaske. Kuma masu shirya wasa 'yan kasuwa ne, ba sa ɗora kambu a kan wanda ba zai cika musu fili ba. Kafin a ba ka nasara, sai ka nuna mutane za su fitar da kuɗi daga aljihu saboda kai.

Shekarun kambu

Ya dawo Afirka a 1970. Ku dubi shekarun nan da kyau. Ya isa Turai a shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, ya dawo a shekarar da aka ajiye makamai. Yankin da aka haife shi ya sha wuya matuƙa a yaƙin, kuma tun rikicin 1966 Ibo da yawa suka bar garuruwan Arewa, har da Kano inda ya fara. Ƙasar da ya dawo ya tarar tana neman abin da zai haɗa kan mutanenta ne.

A wannan shekarar ta 1970 ya kara da Massambula, ɗan Gambiya da ya yi suna a Ingila yana shiga fage da fatar damisa. Power Mike ya yi nasara, ya zama zakaran Afirka a rukunin masu nauyi. A 1973 ya doke Ali Baba na Labanan. Johnny Kwango, wanda masu kallon talabijin a Ingila suka sani da mugun karo da ka, shi ma ya sha kashi a hannunsa a Legas. Cikin waɗanda ya kayar akwai Power Jack da Judd Harris da John Tiger na Kanada.

Lokacin ya yi masa daidai. Kuɗin man fetur ya shigo, an buɗe babban filin wasa na ƙasa a Surulere, Legas ta karɓi gasar wasannin Afirka a 1973, akwatin talabijin kuma ya fara shiga gidaje. A nan yankinmu, wanda a lokacin ba a ma yanke jihar Katsina daga Kaduna ba sai a 1987, gidan da ke da talabijin baƙi-da-fari ya zama gidan kowa. Yara a ƙasa, manya a kan benci, wasu na leƙe ta taga. Dattawan da ke ba da labarin ba su taɓa damuwa da cewa mutumin Ibo ne ba. Ɗan Najeriya ne yana ɗaga Bature ya maka da ƙasa, shi ke nan. Shekara kaɗan bayan yaƙi, wannan ba abin rainawa ba ne.

Saukar da ya yi da ƙafarsa

Ga inda ni labarinsa ya fi kama ni. A 1976, yana da kimanin shekara 37, ya daina hawa dandali, kambunsa na hannunsa ba wanda ya karɓe. Bai jira wani yaro ya zo ya kunyata shi ba, bai jira gwiwa ta gaza ba. Ya koma ɓangaren da kuɗin yake, wato shirya wasa, da kamfaninsa mai suna Power Mike International Promotions.

Ta hannun wannan kamfani ne manyan 'yan reslin na waje suka riƙa zuwa Najeriya. Mighty Igor ɗin da kawuna ke kwaikwayo yana cikinsu. Shi asalinsa Ba'amurke ne ɗan jihar Michigan mai suna Richard Garza, amma a fage sai ya fito a matsayin wani ƙaton mutumin Folan mai halin yara, yana murmushi ko ana dukansa. Akwai Mil Mascaras na Meziko, mai rufe fuska, wanda ma'anar sunansa abubuwan rufe fuska dubu. Akwai Bulldog Brower da 'yan kallo ke jin daɗin ƙi. Akwai Carlos Colon na Puerto Rico, mahaifin Carlito da wasunmu suka gani a WWE. Akwai Michael Hayes, da kuma Chris Adams ɗan Ingila, wanda daga baya shi ya koya wa Stone Cold Steve Austin reslin. Kun ga ke nan zaren da ya haɗa gwanayen iyayenmu da namu ya ratsa ta hannun tsohon mai sayar da taya a Kano.

Aikin nan ba na damtse ba ne. Sai ka iya ciniki da baƙo, ka biya kuɗin jirgi da masauki, ka kama fili, ka buga tikiti, ka yi talla, ka lissafa riba da faɗuwa. Abin da ya koya a kasuwar Onitsha da shagon taya shi ya dawo ya yi masa rana. Da ƙarfi kaɗai ya riƙe, da labarinsa ya ƙare ranar da ya cire takalmin wasa.

Ya rasu ranar 11 ga Maris, 2004, a Abuja, bayan jinya, yana da shekara 64.

Abin da ya rage mana

'Yan uwana ɗalibai, ba don in ce mu bar karatu mu koma lanƙwasa ƙusa na kawo labarin nan ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. Da yawa cikinmu kunyar rigar aiki muke ji. In an tura mu IT gareji ko wurin walda, sai mu riƙa sanɗa kada 'yan unguwa su gan mu, muna jiran ranar da difloma za ta kai mu ofis mai sanyi. Power Mike daga irin wannan garejin ya fito, kuma bai tsallake shi ba, ta cikinsa ya bi. Mu 'ya'yan manoman auduga mun san ɗanyar auduga ba ta kuɗi kamar wadda aka gurza, balle wadda ta zama yadi. Baiwa ma haka take. Ƙarti masu ƙarfi irin nasa ba su ƙare ba, je kasuwar Dandume ranar da take ci ka ga masu loda buhuna. Abin da ya bambanta shi, ya san yadda zai sarrafa nasa ƙarfin ya sa masa farashi, ya kuma san lokacin sauka.

Akwai kuma wani bashi a kanmu. Na iya jero muku shekarun Power Mike ne saboda an rubuta su. Namu zakarun na dambe, irin su Shago da Ɗandunawa, galibin abin da ya riƙe sunansu shi ne waƙar Ɗan Anace da bakin tsofaffin da suka gan su. Tsofaffin nan kuwa kullum raguwa suke yi. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya. In an yi hutu an koma gida, a samu kawu ko baba ko kaka a zauna da shi, a tambaye shi wa ya yi tashe a garinsu, a wane fili, wa ya kashe wa, wane makaɗi ne ya yi masa kiɗa. A ɗauka, a rubuta, a kawo wa wannan mujalla.

Ni dai na fara da kawuna. Da na gaya masa cewa Power Mike yaron gareji ne a Kano, shiru ya yi na ɗan lokaci, sannan ya shiga lissafa garejojin da ya sha kai motarsa a birnin, ɗaya bayan ɗaya, yana neman ko ya taɓa tsayawa a wanda mutumin ya yi aiki. Shekarunsu ba su ma zo ɗaya ba, amma ban katse shi ba. Na dai danna wayata na bar ta tana ɗauka.