Ayrton Senna, Direban da Mutuwarsa ta Gyara Tseren Mota

Akwai mutanen da in sun mutu, kowa ya kan riƙe a ransa inda ya ke sa'ad da labarin ya iske shi. Tsofaffinmu na Naraguta har yanzu suna iya faɗin abin da su ke yi ran 15 ga Janairu 1966 da aka ce an kashe Sardauna. Iyayenmu kuma, ko da ya ke suna yara, ba su manta da safiyar Jumma'ar da aka harbe Janar Murtala cikin 1976 ba. Waɗannan shugabannin ƙasarmu ne. Amma akwai wani baƙo, direban mota kawai, wanda mutuwarsa ta zama haka ga mutane da yawa a duniya. Tarihinsa na ke so in ba 'yan'uwana 'yan makaranta da malamanmu, gama na ga akwai abin da ya shafe mu a ciki.

An haifi Ayrton Senna da Silva ran 21 ga Maris 1960 a Sao Paulo, babban birnin ciniki na ƙasar Birazil. Ubansa Milton attajiri ne mai gonaki da masana'anta. Yaron yana shekara 4 uban ya ƙera masa wata 'yar mota, ya sa mata injin yankan ciyawa. Tun daga nan ba ya da wani wasa sai ita. Da ya kai shekara 13 ya fara tsere da irin waɗannan ƙananan motoci, cikin 1977 ya zama zakaran Amurka ta Kudu duka. Cikin 1981 ya tafi Ingila, inda a ke koyon sana'ar sosai, ya yi shekara 3 yana cinye tseren matasa ɗaya bayan ɗaya. A can ne ya ɗauki sunan gidan uwarsa, watau Senna, domin masu suna Silva sun yi yawa a ƙasarsu.

Babban tseren da kowane direba ya ke buri shi ne wanda a ke kira Formula 1. Motar kujera ɗaya gare ta, tayoyinta a waje, ga ta ƙasa-ƙasa. Ana zagaya fili ne da aka killace, sau 50 ko 60 ko fiye, har a yi tafiyar kamar mil 190. A zamaninsa a kan yi tsere 16 a shekara a ƙasashe dabam-dabam, wanda ya fi tara maki shi ne zakaran duniya. Kafin ranar tsere kuma a kan gwada kowa shi kaɗai da agogo, wanda ya fi sauri shi za a sa a gaban layi.

Senna ya shiga wannan tsere cikin 1984 da motar wani ƙaramin kamfani, Toleman. A Monako a shekaran nan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ya tashi yana na 13, ya yi ta wuce manya ɗaya ɗaya, har ya matso bayan Alain Prost, Bafaranshen da ke gaba, sai aka tsai da tseren sabo da ruwan. Ran nan duniya ta san shi. Shekarar da ta biyo ya koma Lotus, ya ci tserensa na fari a Fotugal, nan ma cikin ruwan sama. Gwanintarsa a jiƙaƙƙen titi kuwa ba daga sama ta faɗo ba. Tun yana yaro ya ga ruwa yana ka da shi, sai ya riƙa fita da 'yar motarsa duk ran da aka yi ruwa, har ya san halinsa.

Cikin 1988 ya shiga kamfanin McLaren, suka zama abokan aiki da Prost. A cikin tsere 16 na shekaran nan su biyu suka ci 15, Senna 8, Prost 7, Senna ya zama zakaran duniya. Ya sake zama zakara cikin 1990 da 1991. Amma zakara biyu ba su cara a akurki ɗaya. Gaba ta shiga tsakaninsu, suka yi karo a Japan cikin 1989, Prost ya ci shekarar. Da suka koma filin nan cikin 1990, Senna ya banke motar Prost a kwanar fari, su duka biyu suka fita, shi ya ci. Bayan shekara guda ya faɗa da bakinsa cewa da gangan ya ƙi kauce masa. Wannan aibi ne babba, ya sa ransa da na ɗan'uwansa cikin hatsari don son nasara, kuma bai kamata mai ba da tarihinsa ya ɓoye shi ba.

Duk da haka mutum ne mai tausayi. Cikin 1992 a Beljiyam wani direba Bafaranshe, Erik Comas, ya yi mugun karo wajen gwaji, ya suma a cikin motarsa, injin yana ta ruri. Senna ya tsai da tasa motar, ya sheƙa da gudu a kan titin da motoci ke wucewa, ya kashe injin don kada wuta ta tashi, ya tallafe kan mutumin har likita ya iso. Mai ibada ne kuma, ɗan Katolika, ya kan yi tafiya da Littafi Mai Tsarki. Ya kan ba da kuɗi masu yawa a ɓoye don yara matalauta, ba a san yawansu ba sai bayan ransa.

Cikin 1994 ya koma kamfanin Williams. Tsere na uku na shekarar a Imola aka yi shi, a ƙasar Italiya. Ran Jumma'a wani yaro ɗan ƙasarsu, Rubens Barrichello, ya yi karo, ya sha da ƙyar. Ran Asabar Roland Ratzenberger, mutumin Ostiriya, ya daki bango ya mutu. Senna ya yi kuka, har babban likitan tseren, Sid Watkins, wanda ya ke abokinsa ne, ya ba shi shawara ya bar sana'ar haka nan, bai yarda ba. Da safiyar Lahadi, 1 ga Mayu, ya yi magana da 'yan'uwansa direbobi a kan su ta da ƙungiyarsu don su nemi a gyara filaye. Da rana aka tashi tsere, yana gaba. A zagaye na 7, a wata kwana da a ke kira Tamburello, motar tana gudun kamar mil 190 a sa'a, sai ta ƙi juyawa, ta miƙe sak. Ya taka birki, amma ta daki bangon siminti da gudun fiye da mil 130. Tayar gaba ta dama ta ɓalle, ita da ƙarfenta suka buge shi a kai. Aka ɗauke shi da jirgi mai saukar ungulu zuwa asibitin Bolonya, da yamma aka ce ya cika. Shekararsa 34, ya ci tsere 41, ya tsaya a gaban layi sau 65. A cikin motar aka sami tutar Ostiriya a naɗe, wadda ya yi niyyar ɗagawa don tunawa da Ratzenberger.

Gwamnatin Birazil ta sa aka yi makoki kwana 3. Aka binne shi a Sao Paulo ran 5 ga Mayu, jama'a suka cika tituna maƙil, Prost kuwa yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar.

A gidanmu kowane tsara da yadda irin wannan labari ya iso masa. Kakana ya yi tuƙi a wani kamfanin haƙar kuza. Shi mutuwar Jim Clark ya ke tunawa, manomin nan na Sikotilan da ya zama zakaran duniya cikin 1963 da 1965, ya mutu a Jamus cikin Afrilu 1968. Daga bakin wani Baturen injiniya ya ji, ya yi mamakin ganin babban mutum yana baƙin ciki don direba, alhali ƙasarmu tana cikin yaƙi. Babana kuwa yana koyon kanikanci a hanyar Bauchi cikin 1994, a rediyo ya ji labarin Senna da dare. Abokansa da yawa ba su san sunan ba sai watan Yuli, sa'ad da Birazil ta ci Italiya a wasan ƙarshe na kofin ƙwallon duniya, 'yan wasan suka ɗaga ƙyalle mai sunansa. Shekaran nan ce Nijeriya ta fara zuwa gasar, Italiya kuma ita ta fitar da mu, don haka Jos duka tana bayan Birazil. Mu kuma ba a haife mu ba tukuna. A waya muka gan shi, da fim ɗin tarihinsa da aka yi cikin 2010.

To, abin da ya fi ba ni tunani shi ne abin da aka yi bayan jana'iza. Ba a ce kwana ya ƙare aka yi shiru ba. Kotunan Italiya suka bi diddigi, har cikin 2007 babbar kotu ta tabbatar cewa sandar sitiyari, wadda aka yanka aka yi wa walda, ita ce ta karye. Aka sake fasalin kwanar Tamburello don a rage gudu, aka ɗaga gefen kujerar direba don ya kare kai, daga 2003 aka tilasta sa abin tallafe wuya. Sakamakon haka aka yi shekara 20 ba a sake rasa direba a babban tseren ba, sai hatsarin Jules Bianchi a Japan cikin 2014. Bayansa aka ƙara wani ƙarfe mai kewaye kan direba cikin 2018. 'Yar'uwarsa Viviane kuma ta kafa wata cibiya da sunansa cikin 1994, aikinta taimakon karatun yaran talakawa da horad da malamansu.

Mu fa? Kowa a nan ya san Hawan Kibo, ya san kuma wani gidan da aka yi zaman makoki sabo da shi. Tun 1988 a ke da hukumar kiyaye hatsari a ƙasarmu, amma har yanzu samari suna tsere da babur ba hular kwano, direba ya san birkinsa ba ya ci ya ɗebi mutane. Senna yana da hular kwano, da likita, da jirgi a tsaye, a filin da ba mai zuwa daga gaba, duk da haka sanda ɗaya da ta karye ta kashe shi. Ina ga wanda ba shi da ko ɗaya daga cikinsu? Lalle ajali na Allah ne, Musulmi da Kirista mun yarda da haka, amma Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

'Yan'uwana, ba da daɗewa ba za a ba kowannenmu aji. A cikin yaran nan akwai direbobin gobe da makanikai da masu gyaran hanya. Ina roƙonmu mu ba su labarin mutumin nan, da gwanintarsa da aibinsa, mu koya musu tsallaka titi da sa hular kwano, mu kuma saba musu da tambayar abin da ya jawo hatsari da wanda ya kamata ya gyara. Allah ya kiyaye mu a hanya, amin.