Waiwaye: Alexander Wood, lokotoron da ya buɗe ƙofar allurar asibiti

Duk uwar da ta taɓa kai jariri awo a asibitin Sae Sabuwa ta ga ƴar siririyar allurar nan da ake tsira wa yaro cikin fata, wadda ke barin tabo a hannu. To, a filinmu na wannan mako mun waiwayi ɗaya daga cikin mutanen da wannan kayan aiki ya samo asali daga hannunsu.

An haifi Alexander Wood a 1817 a garin Cupar na ƙasar Sikotlan. Ya yi karatun aikin lokotoro a jami'ar Edinbara, ya gama a 1839, kuma a birnin ya zauna yana duba marasa lafiya. A zamanin nan, in ana so magani ya ratsa ta fata, sai a tsaga ta ko a tayar da bororo, sannan a barbaɗa garin magani a kai. Wani lokotoro a Dabilin, Francis Rynd, ya gwada allura mai rami a 1844, amma tasa ba ta da abin turawa, maganin ne ke gangarawa da kansa.

A 1853 Wood ya haɗa allura mai rami da ƙaramin sirinji. Ya gwada a kan wata tsohuwa mai fama da ciwon jijiya a kafaɗa, ya tura mata mofin, maganin kashe raɗaɗi, daidai inda ke mata zafi. Washegari da ya koma, ya tarar tana ta sharar barci mai nauyi, har hankalinsa ya tashi. Ta farka, ciwo ya lafa. A shekarar nan dai wani Bafaranshe, Charles Pravaz, yana gwada nasa sirinjin na azurfa a kan dabbobi a Liyon. Wood ya buga sakamakon aikinsa a 1855.

Sai dai ya yi kuskure ɗaya. Shi a ganinsa, yawancin aikin maganin a wurin da aka tsira yake tsayawa. Wani matashin lokotoro a Landan, Charles Hunter, ya nuna cewa ko'ina aka yi allurar, maganin shiga jini yake yi ya zagaye jiki duka. Sun daɗe suna jayayya, daga baya gaskiya ta tabbata wajen Hunter. Wannan saurin shiga jini ne ya sa allurar mofin ta jefa mutane da yawa cikin jarabar da ba su iya bari.

Wood ya shugabanci ƙungiyar manyan lokotoro ta Edinbara daga 1858 zuwa 1861, ya rasu a 1884. Ana yaɗa labarin wai allurar mofin ce ta kashe matarsa. Ba haka ba ne, ya riga ta rasuwa.

Mu nan karkara, da yawanmu gani muke in ba a yi mana allura ba, ba a yi mana magani ba. Amma kun ji dai, abin da allura ta tura ya shiga jini ke nan, ba a iya dawo da shi, ko magani ne ko cuta. Saboda haka kar mu miƙa jikinmu ga mai tallan magani a kasuwa. Mu je asibiti, mu ga an ɓare sabon sirinji a gabanmu, a yi amfani da shi sau ɗaya a jefar. Allah Ya ba mu lafiya.