John Bardeen: Malamin da ya ƙirƙiri tiransista, ya kuma shiga aji ya koyar da ita

Duk ɗalibin da ya fara karatun injiniyancin lantarki sai ya ci karo da tiransista, wata 'yar na'ura mai ƙafa uku. Kaɗan ne daga cikinsu suka san sunan John Bardeen, ɗaya daga cikin mutum uku da suka samar da ita, kuma mutum ɗaya tilo da ya taɓa samun lambar yabo ta Nobel a fannin fiziya har sau biyu.

An haife shi ranar 23 ga Mayu, 1908, a Madison ta jihar Wisconsin a Amurka. Mahaifinsa shi ne shugaban farko na makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Wisconsin. Mahaifiyarsa ta rasu a 1920. Ya kammala sakandare yana ɗan shekara 15, ya karanci injiniyancin lantarki a wannan jami'a, sannan ya yi shekara uku yana aikin binciken mai a kamfanin Gulf. Daga bisani ya ajiye aikin mai tsoka ya koma ɗalibta a Jami'ar Princeton, inda ya sami digirin digirgir a 1936.

A ƙarshen 1945 ya shiga ɗakin bincike na Bell Labs. A wancan zamani rediyo da layukan tarho sun dogara ne da ƙwan gilashi mai ƙara ƙarfin sigina, wanda ke shan wuta, ya yi zafi, ya ƙone ba sanarwa. Kwamfutar ENIAC kaɗai tana da irinsa kusan 18,000. Shugaban ayarin, William Shockley, ya tsara na'urar da za ta maye gurbinsa ta amfani da ma'adinai irin su silikon da jamaniyam, waɗanda ba su wuce da lantarki sosai kamar tagulla, ba su kuma tare shi kamar roba. A takarda lissafin ya yi daidai, a aikace kuwa na'urar ta ƙi motsi.

Bardeen ne ya gano bakin zaren. Ya nuna cewa ƙwayoyin lantarki na maƙalewa a fatar ma'adinin, su zama garkuwar da ke hana ƙarfin da aka turo daga waje ratsawa ciki. Daga nan shi da Walter Brattain, gwanin aikin hannu, suka mai da hankali kan fatar. Ranar 16 ga Disamba, 1947, Brattain ya lulluɓe wani ɗan roba mai kusurwa uku da fallen zinari, ya tsaga zinarin a tsinin da reza, ya danna shi a kan jamaniyam. 'Yar siginar da aka shigar ta gefe ɗaya ta fito ta ɗaya gefen da ƙarfi ninkin-ba-ninkin. Wannan shi ne asalin abin da ake koya wa ɗalibi a darasin farko: ƙaramar wuta a ƙafa ɗaya ita ke sarrafa babbar wutar da ke bi ta sauran ƙafafu biyu, kamar yadda yatsu biyu ke murɗa kan famfo su saki ruwan tanki ko su tsayar da shi. Tiransista ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Daga batir take ɗebo shi.

Nasarar ta zo da ɓacin rai. Shockley, wanda ba ya cikin wannan gwaji, ya keɓe kansa ya tsara wani nau'in tiransista mafi inganci, kuma a gaskiya nasa ne ya karɓu a masana'antu. Sai dai ya toshe wa abokan aikinsa hanyar ci gaba da binciken. Bardeen ba mai jayayya ba ne. A 1951 ya tattara nasa ya nasa ya koma koyarwa a Jami'ar Illinois.

A aji ba shi da zaƙin baki. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, yakan kuma yi dogon shiru kafin ya amsa tambaya, har ɗalibai suka yi masa laƙabi da hakan. Amma yakan zo da wani ɗan akwati mai tiransista a ciki, ya kunna shi ya fitar da sauti nan take, ba tare da jiran ƙwan gilashi ya ɗumama ba, domin ɗalibi ya ji da kunnensa kafin a shiga lissafi. Ɗalibinsa na farko a matakin digirgir, Nick Holonyak, shi ne ya ƙera fitilar LED mai jan haske a 1962.

A 1956 aka ba shi Nobel tare da Shockley da Brattain. Ɗaya kawai daga cikin 'ya'yansa uku ya kai bikin a Stockholm, saboda ba ya son katse wa sauran karatu, abin da Sarkin Sweden ya yi masa ƙorafi a kai. A shekarar da ta biyo baya, shi da Leon Cooper da Robert Schrieffer suka bayyana dalilin da ya sa wasu ƙarafa ke wuce da lantarki ba tare da wata turjiya ba idan aka sanyaya su matuƙa, matsalar da ta gagari masana tun 1911. Wannan aiki ya kawo masa Nobel ta biyu a 1972, kuma a wannan karo ya je da 'ya'yan duka uku.

Ya rasu a Boston ranar 30 ga Janairu, 1991, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 82.