Boyd Alexander, Baturen da Son Tsuntsaye Ya Kawo Borno

A Maifoni, wadda garin Maiduguri ya haɗiye a yau, aka binne wasu Turawa biyu wa da ƙane, Boyd Alexander da Claud. Hafsoshin sojan Ingila ne, amma abin da ya fito da Boyd daga gida tsuntsaye ne.

An haife shi ranar 16 ga Janairun 1873 a Cranbrook, cikin yankin Kent na Ingila. Tun yana saurayi ya saba da gaɓar tekun yankinsu, inda tsuntsaye masu ƙaura ke yada zango, yana lura da sheƙarsu da lokutan zuwansu da tafiyarsu. A can ya koyi bambance tsuntsaye biyu da ido zai rantse iri ɗaya ne, ta tsawon baki, ko zanen fiffike, ko kuka.

Wannan horo ya yi masa rana a 1897, lokacin da ya je tsibiran Cape Verde da ke yamma da Senegal. A Raso, wani ɗan tsibiri mai faɗin kusan murabba'in kilomita 7, wanda ba mazauna kuma ba ruwan sha, ya ci karo da wani ƙaramin tsuntsu mai launin ƙasa da ɗan tukku, wanda ba ya cikin littattafan masana. Ya bayyana shi a 1898, kuma har gobe da sunan tsibirin ake kiransa, Alauda razae. Tsuntsun na da ban mamaki. Bakin namijin ya fi na tamatar tsawo ainun, da shi yake tonon 'ya'yan wata ciyawa 'yar'uwar aya, kuma ba ya hayayyafa sosai sai an samu ruwan sama. Shi ya sa fari ke yi masa kisan mummuƙe: an yi shekarun da duk duniya ba su kai 100 ba. Sai a 2018 aka kwashi wasu zuwa tsibirin Santa Luzia, gudun kada masifa ɗaya ta share irin baki ɗaya.

A Cape Verde ɗin ya haɗu da José Lopes, ɗan tsibiran, wanda ya zama hannun damansa har ƙarshen rayuwarsa. Lopes ya harbo kuma ya feɗe tsuntsaye masu yawa daga cikin waɗanda suka ɗaga sunan maigidansa, sai dai lambobin yabo ba su bi ta kansa ba. A lura kuma, a wancan zamani bindiga ce kayan aikin masanin tsuntsaye. Sai gawa ta zo hannu ake yarda an gano sabon iri.

Ya bi kogin Zambezi a 1898, ya shiga yaƙin da Turawa suka yi da Asante a Kumasi a 1900, sannan a 1902 ya samo sababbin nau'o'i da dama a tsibirin Fernando Po, wato Bioko ta yau.

Babbar tafiyarsa ta fara a 1904, daga Lakwaja ta Binuwai zuwa Tafkin Chadi da jiragen ruwa na ƙarfe, tare da Claud da Kyaftin Gosling da P. A. Talbot mai safiyo. Masassara ta kashe Claud a Maifoni cikin Nuwamban shekarar, Gosling kuma ya mutu a Kwango a 1906. Boyd da Lopes suka kai kogin Nilu. Ya fitar da littafinsa From the Niger to the Nile a 1907, ƙungiyar masana ƙasa ta Landan kuma ta ba shi lambar zinariya a 1908.

Bai zauna ba. Ya koma tsibiran São Tomé da Príncipe, ya hau Dutsen Kamaru a 1909, ya ziyarci kabarin ƙanensa, sannan ya nufi Darfur ta Wadai a daidai lokacin da Faransa ke gwabzawa da sarakunan yankin. Ganganci ne ƙwarai Bature ya ratsa ƙasar da ke ganin kowane Bature a matsayin maƙiyi. An kashe shi ranar 2 ga Afrilun 1910 a Nyeri, ƙasar Tama, yana da shekara 37.

Budurwarsa Olive MacLeod ta taso daga Birtaniya takanas don ganin kabarin. A 1912 ta auri Charles Temple, wanda daga baya ya zama Laftanan Gwamnan Arewacin Nijeriya.