Faransis na Asisi: Ɗan falken tufafi da ya yi Kirsimeti da ciyawa da jaki

Da Disamba ta kama, magidantan Kirista a Potiskum da ƙauyukanta irin su Ngojin sukan shiga lissafi: kuɗin atamfa da na tela, shinkafa, kaji, ga kuɗin motar zuwa gida. Wasu har bashi suke ci don gudun kunya. Amma komin dabbobin da ake shiryawa a majami'u da dama a wannan lokaci, asalinsa daga wani mutum ne da ya tashi a shagon tufafi, ya kuma juya masa baya.

An haifi Faransis a garin Asisi na ƙasar Italiya wajen 1181. Mahaifinsa, Pietro di Bernardone, attajiri ne mai fataucin yadi har Faransa. Yaron ya tashi cikin ado da almubazzaranci, sai a 1202 aka kama shi a yaƙin Asisi da Perujiya, ya yi kusan shekara a tsare. Bayan nan halinsa ya sauya. Wata rana ya kwashi yadi daga shagon, ya sayar a Foligno haɗe da dokinsa domin gyara majami'ar San Damiano da ta lalace. Uban ya kai ƙara gaban bishof. A bainar jama'a Faransis ya tuɓe tufafinsa ya mayar wa mahaifin, ya yafe gado. A 1209 Paparoma Innocent na Uku ya amince da ƙungiyarsa ta masu zaman talauci, a 1219 kuma, ana tsakiyar yaƙin Salibiyya, ya tsallaka sansani kusa da Dimyat ta Masar ya gana da Sarki Al-Kamil, ya dawo lafiya.

Abin da ya ɗaure sunansa da Kirsimeti ya faru ne a ƙauyen Greccio a 1223. Saura kwana 15 a yi bikin, ya roƙi wani amininsa mai suna Giovanni ya tanadi komi da ciyawa da sa da jaki. Iyakar kayan ke nan. Duk wanda ya san karar Potiskum ya san ba su gagari talaka aro ba. Burinsa shi ne mutane su gani da idonsu ƙuncin da aka haifi Almasihu a cikinsa a Baitalami, su ji warin dabbobi da sanyin dare. Mutanen karkara suka zo da jiniya da kyandir, aka yi sujada a kan komin, shi kuma ya rera Linjila ya yi wa'azi. Tomas na Celano, wanda ya rubuta tarihinsa, ya ruwaito cewa jama'a sun adana ciyawar suna ba dabbobi marasa lafiya.

Kada a ɗauka ya ƙi shagali ne. Ya fi ƙaunar wannan biki a kan sauran, yana son a ci nama, mawadata su ƙosar da mayunwata, a ƙara wa shanu da jakuna harawa, har a watsa wa tsuntsaye hatsi a kan hanya.

Ya rasu da yammacin 3 ga Oktoba, 1226, kusan makaho, bayan ya nemi a kwantar da shi a ƙasa. Paparoma Gregory na Tara ya ayyana shi waliyyi a 1228.